Buhu Huɗu na Yashi a Bayan Jif

Shekara talatin da ɗaya babanmu ya yi yana dakon ƙwai. Daga gonar kaji zuwa shagunan cikin gari, sawu biyu a yini, a cikin wata tsohuwar a-kori-kura mai ruwan ƙasa. Shi ya sa har yau da ya ajiye aikin, in ka shigo layinmu kana tambaya da sunansa na gaskiya sai a yi ta kallonka, amma da ka ce gidan Mai Ƙwai za a nuna maka ƙofarmu.

Mutum ne da ba ya son hayaniya, a gida ko a hanya. Bai taɓa kunna rediyo a mota ba, wai yana sauraron kayan da ke bayansa. Ya ce ƙwai ba ya fashewa haka kawai, akwai wata 'yar ƙara da kiret yake yi tun kafin a kai ga ɓarna, wanda bai saba ba ba zai ji ta ba. Birki kuwa yana taka shi ne kamar mai tsoron tashin jariri daga barci. Masu shaguna sukan tsokane shi su ce, "Mai Ƙwai, yau ma sai da suka ƙyanƙyashe a hanya?" Sai ya yi murmushi ya ce su duba ko akwai fasasshe. Ba a cika samu ba.

Akwai wata dabara da direbobin gonar suka gada daga juna. A-kori-kura don kaya masu nauyi aka ƙera ta, ƙwai kuwa ba shi da nauyin da zai danne ta, saboda haka in ta hau gargada sai bayanta ya riƙa tsalle. Maganin abin shi ne buhu huɗu na yashi, a jera su a ƙasa kafin a ɗora kiret. Nauyin yashin sai ya kwantar da motar, ta riƙa tafiya luf. Baba ya yarda da yashin nan kamar yadda mutum ke yarda da maganin da ya taɓa tashinsa daga ciwo.

Umma kuwa malamar firamare ce da ta yi ritaya, kuma duk maganar da Baba ya rasa ita ta tsince ta. In tsokana take ji sai ta kira shi Direba, in maganar ta gaske ce sai ta ce Malam. Shi Malama yake ce mata kullum. Mu biyu suka haifa, yayata da ke aure a wani gari, sai ni auta, ina aiki a shagon buga takardu kuma ina zaune tare da su.

A bara ne Umma ta zame a bakin famfo da bokitin ruwa a hannu. Aka yi mata aiki a ƙashin baya, ta yi mako uku a asibiti, aka sallame ta ƙafar hagu ba ta amsawa sosai. Likita ya ce sai ta riƙa zuwa gashin ƙashi duk Litinin da Alhamis, kuma watanni ukun farko su ne komai, domin in ƙafar ta saba da zama ba lallai ta sake ɗaukar ta ba. Ma'aikaciyar sashen gashin, wata mai fara'a da ke kiran kowa Mama da Baba, ita ma ta faɗa mana tata dokar. Masu jira suna da yawa. Duk wanda ya fasa zuwa sau uku a jere za a ba wani gurbinsa, shi kuma ya koma ƙarshen layi, layin kuwa yakan kai wata uku.

Umma ba ta iya sunkuyawa ta shiga ƙaramar mota, babur mai ƙafa uku kuwa ba a ma maganarsa. Yaya da mijinta suka ce za su samar mana mota, amma Baba ne zai zaɓa. Kwana uku yana zagaya wuraren masu sayar da motocin hannu kafin ya dawo da wata farar jif da farin nata ya fara komawa ruwan madara. Doguwa ce, ƙofarta da faɗi, kujerarta daidai ƙugun mutum, yadda Umma za ta juya kawai ta zauna. Ranar nan na ga Baba yana shafa sitiyari yana murmushi shi kaɗai.

Daga gida zuwa asibiti tafiyar minti ashirin da biyar ce. Akwai tudun rage gudu guda uku, akwai gargada ta wajen masu yankan katako, sannan wani babban shataletale dab da asibitin. Ni nake zama a baya kusa da Umma. Tun ranar farko muka gane akwai matsala. Duk tudun da muka hau, mun wuce shi amma motar tana ta lilo sama da ƙasa. Da muka shiga shataletalen kuwa sai ta kwanta gefe ɗaya kamar kwalekwalen da mutane suka taru a ɓangare guda. Umma ta damƙi hannuna har sai da farcenta ya bar shaida. Muka isa tana gumi, zuciyarta na tashi. Ma'aikaciyar ta taɓa bayanta ta ce, "Mama, ai jikin nan ya ƙage. Sai mun jira ya saki." Rabin lokacinta a jira ya tafi.

Ranar Alhamis na tarar Baba ya shimfiɗa filo biyu a kujerar baya. Mako na gaba suka zama huɗu, har da bargo a naɗe. Da hakan bai yi ba, wata safiya na fito na same shi yana cusa buhunan yashi a but, guda huɗu, ya jera su tsaf.

"Baba, anya kuwa?"

"Motar ce ba ta da nauyi a baya. Bari ka gani."

Ban ja da shi ba, domin ni ko keke ban ƙware ba, shi kuwa shekara talatin da ɗaya. Muka gani ɗin, lilon sai abin da ya ƙaru. Daga nan ya kai ta wajen makanikin da ke bakin titinmu. Wannan ya danna gefen motar sau biyu da hannu ya ce, "Baba, laushi ne ya yi mata yawa. Taurara ta za a yi." Ya yayyanka tsohuwar taya, ya riƙa dukan guntayen da guduma yana cusa su a tsakanin murɗin sifirin. Da ya gama ya ce a biya wajen mai faci ya cika tayoyin tam. Mai facin bai ɗauko ma'auni ba, sifana yake buga wa tayar yana saurare, har sai da ƙarar ta yi masa daɗi.

Ranar Litinin muka fita. A kwanar farko motar ba ta kwanta kamar da ba, na ga Baba ya ɗago ido ya kalli madubi. Amma da muka shiga gargada sai kowane dutse ya riƙa zuwa har cikin haƙoranmu. A tudu na biyu bayan motar ya buga wani gum, kamar an saki turmi a kan siminti. Umma ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinta ba, ko ranar da ta farfaɗo daga aiki. Baba ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya juyo yana cewa sannu, sannu, ita kuwa idonta a rufe, hawaye na bin gefen hancinta.

Mun ƙarasa asibitin ranar, aka duba aka ce ba abin da ya goce. Da muka dawo gida ta kwanta ta juya fuska ga bango.

Alhamis da safe Baba ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta da makulli a hannu.

"Malama, lokaci fa ya yi."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Ai da ke za a tafi."

"Da wa? Ni na riga na iso inda za ni." Ta daddaɓa katifar.

"Ƙafar fa?"

"Tana nan, ba inda za ta. Malam, na gama shiga motar nan. Bayan da aka sha wahala aka gyara ba zan kai shi a sake karya mini ba."

Ta ce Malam, saboda haka ya san ba wasa ba ne. Ranar ba a je ba. Litinin ma haka. Da rana ma'aikaciyar ta kira wayar Baba, ina kusa ina jin muryarta. "Baba, Alhamis ce ta ƙarshe fa. Ba ni na kafa dokar ba, kuma akwai wanda ke jira tun watan jiya." Baba ya ce to, ya gode.

Yaya ta kira ni tana faɗa tun kafin in yi sallama. "Auta, kana gidan kana kallo? A sayar da akwalar nan a nemo wata!"

"Kafin Alhamis, Yaya?"

Can ta ce in ba Baba. Ya karɓa ya saurara har ta gaji, ba abin da yake cewa sai "To. To. Allah ya yi miki albarka." Da ya miƙo mini wayar sai ya fita tsakar gida ya riƙa zagaya motar, ya danna nan ya danna can. Na ji yana tambayar kansa a hankali ko buhu huɗun ne suka yi kaɗan.

Wani tsohon abokin aikinsa ne ya ba shi labarin Gajere, makanikin da ba ya taɓa inji, sai ƙafar mota kawai, wato duk abin da ke tsakanin taya da jikin mota. Talata da safe muka je. Rumfar kwano ce da ramin siminti a tsakiya, tsofaffin sifirin sun jingina da bango. Gajeren da kansa dattijo ne mai furfura, tabaransa a ɗaure da zare, kuma sunan bai yi masa ƙarya ba.

Baba ya fara bayani, Gajere ya ɗaga masa hannu.

"Tsaya, Alhaji. Wane ne ba shi da lafiya, motar ko mutum?"

"Duka biyun."

"Mutumin a ina yake zama?"

Baba ya buɗe ƙofar baya. Gajere ya kalli tulin filon, ya kalli Baba. "Ikon Allah. Shagon katifa ka buɗe?" Bai jira amsa ba, ya cire takalmi ya haye can saman filon, daidai inda Umma ke zama, kansa ya kusa taɓa rufi. "Ja mu je. Hanyar da kake bi da ita, kuma yadda kake tuƙa ta. Ni ba na gyara mota sai na zauna inda mai kukan yake zama."

Na shiga gaba. A tudun farko Gajere ya fara ƙirge da ƙarfi. "Ɗaya, biyu, uku. Kai, har yanzu gaisuwa take yi! Mota mai lafiya sau ɗaya take rusunawa ta miƙe." A gargada ya ce haƙoransa guda shida ne suka rage, a taimaka a bar masa su. Da muka hau tudu na biyu aka ji gum ɗin nan, sai ya dafe ƙugu. "Wayyo Allah! Me ka ɗauko a but, injin niƙa?" A shataletale kuwa filon suka zame daga ƙarƙashinsa, ya tafi gaba ɗaya ya bugi ƙofa. Daga nan bai ƙara wasa ba har muka koma.

Yana sauka ya buɗe but. Ya daɗe yana kallon buhunan.

"Gini kake yi?"

Baba ya gyara tsayuwa ya yi masa bayanin yashin, da gonar kaji, da yadda a-kori-kura ke kwantawa in ta ji nauyi. Na ɗauka Gajere zai yi dariya, amma ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"A a-kori-kura gaskiyarka ne," in ji shi. "Sifirin ɗinta falle-fallen ƙarfe ne, an yi shi don lodi, in bai ji nauyi ba ba ya lanƙwasa. Wannan nata murɗaɗɗe ne, don mutane aka yi shi, ga shi kuma ya tsufa. Ka ɗora masa yashi ya durƙusa, aka zo aka cusa masa taya a baki. Duba nan, yatsa biyu ya rage ya taɓo ƙarshe. In kun hau tudu ba shi da sauran inda zai je. Wannan gum da kake ji, jikin motar ne ke sauka a kan ƙafarta, kuma Hajiya a daidai samansa take zaune."

Baba ya buɗe baki. "Shekara talatin da ɗaya ina..."

"Ban ce ba ka iya tuƙi ba. Da wani ne yake jan motar nan a haka, da tuni matar nan ta koma gadon asibiti."

Aka ɗora motar a kan rami, ya kira mu muka sauka. Ya haska wani sandan ƙarfe da ya ratsa daga tayar hagu zuwa ta dama. Ya ce sunansa sitabilaiza, aikinsa shi ne in mota ta shiga kwana gefe ɗaya ya so nutsewa, sai ya riƙe shi da ɗaya gefen. A kowane ƙarshensa akwai ɗan ƙaramin ƙarfe kamar yatsa da ke haɗa shi da ƙafar motar. Na hagu yana reto, robarsa ta cinye. Na dama babu shi sam.

"Ina ya tafi?" in ji Baba.

"Wani ya ji yana ƙwanƙwasa, sai ya kwance ya jefar don mai saye ya ji mota shiru. Tun ranar sandan nan ado ne kawai." Ya matsa baya ya shafo shokazoba, abin da ke tsayar da lilo, ya nuna mana yatsansa baƙi ƙirin da mai. "Waɗannan kuma sun mutu tun kafin ka san motar."

Da muka fito ya buɗe ƙofar direba ya nuna wa Baba wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin, mai ɗauke da adadin iskar da taya ke so. Ya sa ma'auni. Iskar da ke ciki ta haura abin da aka rubuta da kusan rabi. "Mai facin naka ƙwallo ya saba hurawa?"

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhamis da ƙarfe tara."

Gajere ya sosa ƙeya. Ya ce ƙananan ƙarafan yana da su, amma shokazoba sai an nemo, kuma shi ba zai sa wa marar lafiya tsohon da aka wanke aka fesa wa fenti ba. Ya ce a fara da fitar da yashin. Na matso zan kama, Baba ya ce in bari. Shi ya sauke su ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a jikin bango.

Laraba da hantsi aka kawo shokazoba, aka gwada, ramin ƙusar na ƙasa bai yi daidai ba, na wani samfurin ne. Gajere ya ja tsaki ya hau babur da kansa ya tafi nema. Muka zauna a benci, motar a ɗage babu tayoyin baya. Azahar ta yi, muka yi salla muka dawo. Na sayo abinci, Baba ya ce in ci. Duk babur ɗin da ya wuce sai ya ɗago kai.

Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ka san ban taɓa ɗaukar uwarka a mota ba sai bana?"

Na ce ban sani ba.

"Dokar gona ce, ba a ɗaukar fasinja. Sau nawa ina wuce ta a bakin titi da littattafan yara a ka, sai dai in ɗaga mata hannu. Tana dawowa ta ce, Direba, na ga wucewarka, ka gaida kajin. Ni kuma ina cewa a raina, bari dai in ajiye aiki." Ya murza makullin da ke hannunsa. "Ga shi na ɗauke ta. Ka ji ƙarar da na sa ta yi."

Na ce ba shi ba ne, motar ce. Ya girgiza kai.

Sai bayan la'asar Gajere ya dawo da kwali biyu ɗaure a bayan babur. Wannan karon suka shiga. Ya zare guntayen tayar daga sifirin, ya ɗaura ƙananan ƙarafan, ya rage iska. Muka sake fita gwaji yana baya, amma ya tattara filon ya tura su but. A tudu motar ta rusuna sau ɗaya ta miƙe. A shataletale ta karkata, amma kaɗan, kuma ta tsaya a nan ba ta ci gaba da kwanciya ba. Na ji Baba ya sauke numfashi.

"Kada ka yi saurin murna," in ji Gajere daga baya. "Jif doguwa ce, dole ta karkata. Na mayar da ita yadda aka ƙera ta ne, ban mayar da ita gado ba. In na ƙara taurara ta don kwana, ramuka za su dawo bayan Hajiya. In na sassauta don ramuka, karkatar za ta dawo. Ita wanne ya fi damunta?"

Baba ya ci gaba da kallon titi.

"Ba ka tambaye ta ba?"

"Ba na son in tayar mata da hankali."

"Tabɗi. To ni dai ga tawa. Filon nan ka mayar da su gado, ɗaga ta sama kake yi inda lilo ya fi yawa, kuma ba ta da abin jingina. Ta zauna gaba, ta ɗaura bel, a naɗe ɗan tawul a sa mata a ƙugu. Amma ka tambayi masu asibitin, ni na mota na sani. Kafin su kuma ka tambayi mai bayan."

Tun a hanya Baba ya kira ma'aikaciyar, ta ce hakan ya yi, kada dai a kwantar da kujerar da yawa. Mun isa gida rana ta kusa faɗuwa. Umma na kishingiɗe tana duba wani tsohon littafi. Baba ya jawo 'yar kujera ya zauna kusa da gadon, ni ina daga bakin ƙofa.

"Malama, tambaya na zo yi."

"Yau kuma ni ce ɗalibar?"

"A motar nan, me ya fi cutar da ke?"

Ta sauke littafin ta dube shi ta saman tabarau. "Wata guda da rabi, sai yau?"

Ya sunkuyar da kai.

"Shataletalen nan ne," in ji ta. "Tun daga gidan mai nake fara ƙanƙame jikina don na san yana tafe. Filonka kuma su yi ta gudu daga ƙarƙashina, ba abin kamawa sai hannun yaron nan. Sannan ba na ganin hanya, ƙeyarka kawai nake gani. Rami ba ya ba ni tsoro in na ga zuwansa. Kai kana gani, ni sai dai in ji a jikina."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ina hango ka ta taga kana jera filon nan ɗaya bayan ɗaya, kana shafa su. Ta ina zan fara? Ka shirya ni tsaf kamar kiret, Direba. Ƙwai ne ba ya magana. Ni ina yi, tambayata ce ba a yi ba."

Ya gaya mata duk abin da aka yi wa motar, har da yashin, bai rage komai ba. Da ya zo kan yashin ta rufe baki da littafi, kafaɗunta na rawa, sannan ta dafe baya ta ce kada ya ƙara ba ta dariya.

"To gobe..."

"Ban ce zan je ba."

"Ban ce kin ce ba."

Alhamis tun ƙarfe takwas motar na bakin ƙofa, an matsar da kujerar gaba, tawul a naɗe. Takwas da kwata ba motsi daga ɗakin Umma. Yaya ta kira sau uku, na ƙi ɗauka don ba ni da abin faɗa mata. Baba na tsaye yana goge madubin da ya riga ya goge. Takwas da rabi saura kaɗan muka ji ƙarar ƙarfen da take dogarawa, ƙwas, ƙwas, a kan siminti. Ta fito da mayafinta da jakarta.

"Sharaɗi ɗaya, Malam. In na ce tsaya, ka tsaya. In na ce koma, ka koma. Ba roƙo, ba kallon tausayi."

"Na yarda."

Muka zaunar da ita, na ɗaura mata bel, na koma baya. Baba ya ja a hankali.

"Ga tudu nan tafe," in ji shi.

"Na gan shi. Bayana ne ya samu matsala, ba idona ba."

Motar ta hau ta sauka, ta rusuna sau ɗaya. Muka shiga gargada, Baba na zaɓar inda zai sa kowace taya. Na ga hannunta ya kama gefen kujera, na ga ta rufe ido.

"Tsaya."

Ya tsaya nan take, daidai rumfunan masu katako. Agogon motar ya nuna tara saura minti goma sha biyu. Injin yankan katako na ta kuka a gefenmu. Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba, bai juya ba, bai ce uffan ba, gumi na gangarowa ta bayan kunnensa. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi, na uku. Umma na numfashi a hankali ta baki.

"Auta, tawul ɗin nan ya yi ƙasa. Ɗago shi kaɗan."

Na miƙa hannu na ɗago shi. Ta gyara zama, ta sake gyarawa, ta buɗe ido.

"Gaba ko baya?" in ji Baba, muryarsa can ciki.

Ta daɗe tana kallon titin.

"Gaba."

Tudu na biyu ya wuce ba gum, na uku ma haka. Da muka doshi shataletale ta ɗaga hannu ta kama mariƙin da ke saman ƙofa. Baba ya rage gudu har motar ta kusa tsayawa.

"Kada ka yi mini tafiyar hawainiya a ciki, tsawaita mini kake yi. Shiga ka fita."

Ya ɗan ƙara wuta. Motar ta karkata, Umma ta jingina da kujera ta bi ta, muka fita ta ɗaya gefen.

Tara da minti goma muka tsaya a ƙofar sashen. Ma'aikaciyar na tsaye da takardar sunaye a hannu. "Mama! Wallahi har na ɗauki biro."

"To ajiye shi," in ji Umma.

Muka sauko da ita, ta kama ƙarfenta. Baba ya zagayo ya tsaya a gabanta.

"Ya yi zafi?"

"Ya yi. Amma irin wanda zan iya ɗauka ne." Ta gyara mayafi. "Litinin ka fito da wuri. Kai ka makarar da mu yau."

"To, ranki ya daɗe."

Ta bi bayan ma'aikaciyar, ƙafar hagun na jan ƙasa kaɗan amma tana takawa. Baba ya juya zai kulle motar, makullin ya suɓuce ya faɗi. Ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Na karɓa na kulle. Bai bar wurin ba sai da ƙofar sashen ta rufe, sannan ya nemi benci ya zauna, ya ce in samo masa ruwa.